Hular da ke Akwatin Mbah Ginem

Maospati, 3 ga Maris, 1996

Zuwa ga Pakde Ngadiran,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da girmamawa, ina fatan takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Ni ce Winarsih, 'yar ƙanenka Sarwidi. Ba za ka gane ni ba, don an ce lokacin da ka tafi Penang ko zama ban fara ba. Yanzu ina babbar sakandare, kuma ni ce mai rubuta wa gidan nan wasiƙa. In ka ga kuskure nawa ne, ba na Baba ba.

Muna lafiya. Kakata Mbah Ginem idonta ya ƙara dushewa, kunnen ma sai an ɗaga murya, amma har yanzu ita ke sharar tsakar gida, kuma ba ta yarda a karɓi tsintsiyar. Shinkafa ta fara fitar da kai.

Wasiƙarka ta zo bayan ƙaramar Salla. Ka nemi hoton hular matuƙin jirgin nan, wadda wani Bajapane ya bar wa marigayi kakana Mbah Kakung lokacin da yake yankan ciyawa a filin jirgi. Mbah ta buɗe akwatin gado da kanta, ta ciro ta daga ƙarƙashin keris, wuƙar gadon gidanmu. Mai hoto na kasuwa ya zo ya ɗauka ta gaba da ta baya da ciki, ga su nan a ambulan.

Ka ce in kwatanta ta. Fatar baƙa ce, tana sheƙi, tana da laushi ƙwarai. Akwai tauraro a goshi, shi ma baƙi. Tana da marufin kunne biyu da igiyar haɓa mai ƙarfe. A ciki an ɗinka wani ɗan ƙyalle, ba komai a jikinsa. Tana ƙanshi kamar sauran kayan akwatin.

Ka ce in ta asali ce, maigidanka mai sayen tsofaffin kayan yaƙi zai biya abin da zai sake wa gidan nan rufi. Rufin kam yana zuba. Amma Baba ya ce in rubuta maka wannan: "Mutum ya yi shekaru ko barka da Salla bai aiko ba, rana ɗaya sai ya tuna da hula?" Na ce masa maganar ta yi nauyi, ya ce in rubuta haka nan. Ka yi haƙuri.

Taka cikin ladabi,
Winarsih

Penang, 20 ga Maris, 1996

Nduk Winarsih, 'yata,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, sai ƙafata da ke ciwo in hadari ya haɗu. Rubutunki ya fi na malamin da ya koyar da ni kyau. Ki gaishe da Mbah, ki ce mata Ngadiran ɓarawon rogonta yana nan da rai. Babanki kuma ki ce masa na ji, harshensa bai tsufa ba.

Yanzu ga magana. Na daɗe ina kallon hotunan nan, raina bai kwanta ba. A gidan nan na girma, na riƙe hular nan da hannuna ba sau ɗaya ba. Wadda na sani launinta kamar shayi da madara ne, fatar busasshiya, tauraron rawaya. Ƙyallen ciki kuma cike yake da rubutun Japanawa, da jan hatimi a ƙasa. Wannan rubutun shi ke faɗin shekarar da aka yi ta da rundunar da aka yi wa. Masu tara irin kayan nan shi suke fara dubawa kafin su dubi fuskar mai sayarwa. In babu shi, darajarta ta tafi.

Na nuna wa maigidana. Bai ko sa tabarau ba ya ce, "Irin ta jiya da yamma ce." Akwai masu ɗinka sabbi, su jiƙa su da mai, su turara su a hayaƙi har su yi baƙi. Rubutun ne ke gagararsu, sai su ɗinka farin ƙyalle su ce tsufa ya goge shi.

Da wani gida ne sai in ce ruwa ya taɓa ta. Amma na san Mbah Kakung. Duk watan Suro, wato Muharram, in zai wanke kayan gado, hular a gefe yake ajiye ta, ko da jiƙaƙƙen hannu ba ya yarda a taɓa ta.

Ban ce komai ba tukuna. Tambaya kawai nake: wa ya shiga akwatin nan bayan tafiyata?

Wani ɗan garinmu da ya zo aiki nan ya ce mini babanki ya yi sabon babur. Allah ya sanya alheri. Ashe noma yana biya a bana.

Naki,
Pakde Ngadiran

Maospati, 6 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Pakde,

Assalamu alaikum. Ina fatan ƙafa ta yi sauƙi. Mu jikinmu lafiya, amma gidan ba daɗi.

Ranar da wasiƙarka ta zo Mbah ta tafi ta'aziyya. Na karanta wa Baba a baranda, ga ƙanwarsa Bulik Parmi tana ɓarar gyaɗa a gefe. Da idona ya kai kan maganar babur sai na tsallake ta na tafi kan sunanka. Baba ba ya karatu da sauri, amma yana ganin tsawon takarda.

Ya ce, "Akwai saura a ƙasa. Karanta."

Na karanta. Bulik ta daina ɓarar gyaɗa.

Baba ya ce, "Kin ji ko, Parmi? Na zama ɓarawo a gidan ubana."

Ta ce, "Ni ban ji ya ce ɓarawo ba, Yaya. Murna ya yi maka. Kai ka kawo ɓarawo."

Ya ce, "Saniyata na sayar, kowa ya gani."

Ta ce, "Saniyar nan mai haƙarƙari a waje? Ashe ta yi kuɗi."

Baba ya tashi ya hau babur ɗin ya fita, bai dawo ba sai la'asar. Ya hana a gaya wa Mbah, ya ce tsohuwa ba za ta ji ana zargin ɗanta ba. Amma Bulik ba ta yi wa kowa alkawari ba. Kafin Juma'a duk dangi sun ji.

Ka san Mbah ta ce a taron dangi na ƙarshen Suro za ta miƙa wa Baba makullin akwatin gado, don hannunta ya fara rawa. Yanzu Bulik tana bin gidaje tana cewa ba a ba mai sayarwa ajiya. Wasu sun fara gyaɗa mata kai. Jiya an yi walimar suna a maƙwabta, aka zaunar da Baba can bakin ƙofa wajen takalma.

Shi kuma Baba ga abin da yake cewa a kanka: wai kai da maigidanka kun ga hular ta gaske ce, kuna son ku kira ta jabu don ku same ta a banza.

Pakde, akwai abin da ban gaya wa kowa ba, kuma ina jin kunyar rubuta shi. Bara bayan girbi wani mutum mai yawo da jaka yana sayen tsofaffin kaya ya zo gidanmu. Baba ya shiga da shi ɗakin ciki, inda akwatin yake, suka jima. Makullin kuwa a ƙusa yake rataye bayan ƙofar Mbah. Ba a daɗe ba babur ya zo. Saniyar da gaske an sayar da ita. Na kasa tambayarsa. In na kawo masa shayi ba na iya kallon idonsa, kuma ina jin ya lura.

Don Allah ka gaya mini abin da kake nufi da maganar babur. Murna ce, ko ba murna ba ce?

Taka,
Winarsih

Maospati, 30 ga Afrilu, 1996

Zuwa ga Pakde,

Assalamu alaikum, barka da Salla. Mbah ta yi mura amma ta warke.

Ban ji daga gare ka ba. Kullum in na taso makaranta sai na biya gidan waya, har ma'aikacin ya fara tsokanata wai saurayi nake jira. Baba ya ce shirunka ya nuna ba ka da abin faɗa. Bulik ta ce shirunka ya nuna ka gama faɗa. Ranar Salla 'yan'uwa biyu kawai suka shigo gaishe da Baba, su ma a tsaye.

Ko na yi laifi da na ba ka labarin mai jakar nan? Don Allah kada ka rubuta shi a amsarka, da ƙarfi nake karantawa.

Winarsih

Penang, 8 ga Mayu, 1996

Nduk,

Lafiya muke. Tafiya muka yi da maigida sayen kaya, sai da na dawo na tarar da wasiƙunki biyu. Ba fushi ba ne.

Maganar babur, murna na yi. In ta soki wani, ya duba inda ta soke shi.

Ni ba na son a yi ta jan magana. Hoto yana ƙarya, hannu ba ya yi. Akwai ɗan garinmu da zai dawo nan wata mai zuwa, a ba shi hular ya kawo, maigida ya duba ɗinkin da ƙarfen igiyar haɓa. Zaren da da na yanzu ba ɗaya ba ne, kuma tsatsar gaske ba ta kama da wadda aka sa da gangan. In ta asali ce zan faɗa a gaban kowa. In ba ita ba ce, shi ma zan faɗa.

Kafin nan kada kowa ya gyara ta. Ba ruwa, ba mai, ba goga. Masu sayen nan dattin suke saye, Nduk. Gumin mai ita, ƙurar da ta kwanta a ɗinki, duk kuɗi ne a wurinsu. Wanda ya tsabtace tsohuwar hula ya kashe ta.

Naki,
Pakde

Maospati, 21 ga Mayu, 1996

Zuwa ga Pakde,

Assalamu alaikum. Kowa lafiya. Wannan wasiƙar ba wanda ya sa ni, kuma Baba bai san da ita ba. A makaranta nake rubuta ta.

Da na karanta masa taka ya ce, "Ga shi nan. Jabu ce, amma a aiko." Ya ce hular ba ta zuwa ko'ina.

Shekaranjiya ɗaya ga Suro. Tun rasuwar Mbah Kakung, Mbah ce ke wanke kayan gado, ita kaɗai, ƙofa a rufe. Bana ta kira ni da safe ta ce in zo in riƙe mata kwano, don hannunta ba ya tsayawa. Ta ce abin da na gani a ɗakin ya tsaya a ɗakin.

Ta zuba ruwan kwakwa da furanni, ta yanka lemon tsami. Ta wanke keris, ta goge, ta shafa masa man sandal. Ta wanke kan wani tsohon mashi. Sai ta sa hannu ta ɗauko hular ta tsoma ta cikin kwanon har ta nutse.

Na ce, "Mbah, ba a wanke wannan."

Ta ce, "Me?"

Na ɗaga murya na maimaita.

Ta ce, "In ji wa? Akwati ɗaya suke kwana, a yi wa wasu wanka a bar wata tana kallo? Haka ake jawo fushin kaya."

Ta juya cikin hular, ta ɗauki rabin lemon ta shiga dirzar ƙyallen nan, inda ba sauran abin dirza.

Na ce, "Mbah, da akwai rubutu a wurin nan?"

Ta ce, "Zane-zane dai, da wani jan tabo kamar jini. Kakanki, Allah ya ji ƙansa, malalaci ne wajen wanki, haka ya bar ta da dauɗar wani ƙato. Sai da na yi Suro da yawa kafin ya fita. Dubi yanzu, fes."

Ta matse ta kamar tsumma, ta shafe ta da mai har tauraron, ta ɗaga ta wajen taga tana murmushi. Ni kuwa ina riƙe da kwano, na rasa inda zan sa idona.

Pakde, hularka ce. Ita ce wadda ka riƙe. Ba wanda ya canja ta.

Da rana na bi Baba gona na gaya masa, duk da Mbah ta hana. Na zaci zai yi murna. Ya zauna a kan kunyar gona. Sannan ya ce, "Wa kika gaya wa?"

Na ce shi kaɗai.

Ya ce, "To ya tsaya nan. In Parmi ta ji, gobe duk gari ya san uwata ta wanke rufin gida a cikin kwano. Yara su riƙa nuna ta a hanya. Mace ta yi shekaru tana yi wa mijinta hidima yadda ta iya."

Na ce, "Baba, makullin fa? Da abin da ake faɗa a kanka?"

Ya ce, "Su faɗa. Ni ina da sauran shekarun jurewa, ita ba ta da su."

A nan ne na iya tambayarsa labarin mai jakar nan. Ya dube ni har na sunkuyar da kai. Ya ce agogon bango ya shiga nuna masa, ba su daidaita ba. Bai yi mini faɗa ba, da ma ya yi.

Na saɓa wa Mbah, yanzu kuma na saɓa wa Baba. Amma kai ka fara maganar nan, kuma kai kaɗai dangi za su ji wa. Ban san yadda za a wanke Baba ba tare da an kunyata Mbah ba. Taron yana ƙarshen wata.

Taka,
Winarsih

Penang, 1 ga Yuni, 1996

Nduk,

Muna lafiya. Wannan takardar taki ce ke kaɗai, kada ki karanta wa kowa. Ɗayar da ke cikin ambulan ita za ki karanta a taro.

Na gaya wa maigida an yi wa hular wanka da lemon tsami. Ya dafe kai, ya ce in daina ba shi labari. Ba zai saya ba, kuma ba na jin wani zai saya. Rufi sai dai a nemi wata hanya, ni ma zan sa hannu.

Kin tambaye ni sau ɗaya ban ba ki amsar gaskiya ba. Maganar babur ba murna ba ce. Na san inda na nufa da ita.

Duk abin da ke ɗaya takardar gaskiya ne. Ban dai faɗi duka ba.

Ga ta:

Zuwa ga dangi baki ɗaya. Ni Ngadiran, na sake bincike a kan hular Mbah Kakung, na tabbatar ita ce ta asali, wadda na sani tun ina yaro. Fata tana canja launi, rubutu yana gogewa, ni ne na yi gaggawa. Ba wanda ya taɓa amanar akwatin nan. Irin wannan hular ba ta da kasuwa a nan, ku bar ta inda take. Na ɓata wa ƙanena Sarwidi suna a kan zato, ina neman gafararsa a gabanku. Ni a wurina ba wanda ya fi shi cancantar makulli.

Naki,
Pakde

Maospati, 17 ga Yuni, 1996

Zuwa ga Pakde,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Mbah lafiya, Baba ma.

An yi taro jiya. Bayan addu'a, kafin a raba shinkafa, na tashi na karanta takardarka. Ban taɓa magana a gaban mutane haka ba, amma ban tsallake komai ba.

Bulik ta ce, "Jiya jabu, yau ta gaske. Gobe kuma fa?" Mijinta ya ce ta ci abinci. Wasu dattawa suka matsa suka yi wa Baba wuri a kan tabarmar sama. Ba zan ce kowa ya yarda ba, na ga masu kallon juna. Amma ba wanda ya yi magana lokacin da Mbah ta kwance makullin daga bakin zanenta ta sa a hannun Baba.

Sai ta ja hannun rigarsa ta ce, "Me Ngadiran ya rubuto ne kowa ya yi tsit?"

Baba ya sunkuya wajen kunnenta ya ce da ƙarfi, "Ya ce hular Baba tana nan da kyanta."

Ta ce, "To da fa? Wa ke kula da ita?"

Da aka watse ina wanke kwanuka a bakin rijiya, Baba ya zo ya tsaya. Ya ce, "Ngadiran bai taɓa ba da haƙuri ba tun muna yara. Me kika rubuta masa?"

Na ci gaba da wanke kwanuka.

Ya ce, "Na hana ki."

Na ce, "E, Baba."

Ya ɗauki guga ya jawo mini ruwa, abin da bai saba yi ba. Ya ce in gaya maka ya ji, ya kuma yafe, kuma in za ka aiko da gaisuwar Salla mai zuwa kada ka haɗa ta da hula.

Na tambaye shi, tun da yanzu shi zai riƙa wanke kayan gado, ko zai ajiye hular a gefe kamar yadda Mbah Kakung yake yi.

Ya ce, "Ai kakarki za ta zauna kusa da ni tana sauraron ƙarar ruwa. Muddin tana raye, zan tsoma hular."

Taka cikin ladabi,
Winarsih